Detour: Tabon da Rashin Kuɗi Ya Bari

Duk lokacin da na ji ana yabon Detour, fim ɗin da Edgar G. Ulmer ya shirya wa ƙaramin kamfanin PRC na Amurka a 1945, sai in ga ana kawar da kai daga aibinsa. Labarin Al Roberts ne, makaɗin fiyano da ya bar New York yana roƙon a rage masa hanya zuwa Los Angeles wajen budurwarsa, ya faɗa masifa bayan mai motar da ya ɗauke shi ya mutu. Rashin kuɗi ya fito fili. Titin New York hazo aka cika shi da shi don kada a ga babu gine-gine. A wasu wuraren an juya hoton, sai ga sitiyari ya koma dama, motoci na bin hannun da ba nasu ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutuwar Vera, matar da Al ya rage wa hanya daga baya: wai Al na jan igiyar tarho daga bayan ƙofa, ta shaƙe ta ba da saninsa ba. Hankali ba ya ɗaukar wannan. Ƙarshen ma, inda 'yan sanda suka ɗauke shi, dokar tace fina-finan Hollywood ce ta tilasta, don ba a yarda mai laifi ya sha ba. Ann Savage, wadda ta fito a matsayin Vera, ta taka rawar gani, wannan babu musu. Amma talauci uzuri ne ga kayan aiki kawai. Marubucin da ya jingina labarinsa kan tsautsayi biyu masu kama da juna ba shi da mafaka.