Martani: Ramin Haƙori Da Ƙwayar Kitsen Jini

Malam, na karanta rubutunka inda kake shawartar duk wanda aka cire wa haƙori ya riƙa haɗiyar maganin rage kitsen jini, wai don ƙashin muƙamuƙi ya cike da wuri. Ka tsinci zancen ne a tsakiya.

Gaskiya ne, a 1999 Gregory Mundy da abokansa sun nuna a mujallar Science cewa simvastatin da lovastatin, magungunan rage kitsen jini, suna ƙara tsiron ƙashi. Amma a jikin ɓeraye! Likitocin haƙori da suka gwada daga baya, galibi cikin ramin haƙorin suke sa ɗan kaɗan, a jiƙe cikin wani soso mai narkewa. Ƙwayar da aka haɗiya kuwa, hanta ke tare mafi yawanta kafin ta kai ga ƙashi.

Ka san inda maganarka za ta sauka? Kan tiren mai tallan magani a tashar Dogondutsi, wanda rana ta gama dafa wa kaya. Gobe wata mai juna biyu daga ƙauyen Tibiri za ta sayi maganin, alhali galibi ana hana masu ciki shan sa. Ciwon tsoka ma yana cikin illolinsa.

Abin da ramin ke bukata shi ne gudan jinin da ya daskare a ciki. A cije auduga, a bar taba da kurkurar baki da ƙarfi ranar farko, kada a soka tsinke. Wari ko zogi bayan kwana 3, a koma wurin lokotoro.

Ka janye shawarar nan, Malam, tun Arawa ba su ɗauka ba.