Jami'ar Babura: a fara da inda ɗalibi zai kwana

A watan Yunin 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da kafa sababbin jami'o'i huɗu, biyu na fasaha a Babura da Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, biyu na kiwon lafiya a Azare da Ila-Orangun, aka kuma ce asusun TETFund zai ba kowace jami'ar fasaha naira biliyan 4 ta fara aiki. Mutanen arewa maso yammacin Jigawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Kafin nan daga cikin abin da ke kusa da su akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon kwamfuta, duka a Kazaure, mai neman digiri kuwa sai ya nufi Dutse ko Kafin Hausa ko Kano. Sai dai tun daga lokacin, in an tashi zancen jami'ar, abin da aka fi tattaunawa shi ne wa zai samu aiki, wa zai samu kwangila, da tsadar da fili zai yi. Ni a ganina tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce: yaron da aka ɗauka daga Gwiwa ko Roni ko Legas, a ina zai kwana, me zai ci, da wane ruwa zai yi wanka? Matsayina shi ne jami'ar da aka kafa a gari irin Babura dole ta zama mai kwanar da ɗalibanta a cikin harabarta, kuma ɗakunan kwana su zo kafin ofisoshin alfarma da ƙatuwar ƙofar shiga.

Mun riga mun ga inda ɗaya hanyar take kaiwa. A 2012 kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta ya zagaya jami'o'in gwamnati don tantance buƙatunsu, ya dawo da rahoton da ya nuna cewa gadajen da ke ɗakunan kwanansu ba sa ɗaukar fiye da kusan ɗalibi ɗaya cikin goma. Sauran tara ɗin suna gidajen haya, ko suna maƙale a ɗakin aboki, mutum takwas ko goma a inda aka gina don huɗu. Abin da ya haifi Danbare a gefen sabon mazaunin Jami'ar Bayero ke nan, shi ne kuma ya cika Samaru da ɗakunan haya a ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. To amma Kano da Zariya manyan birane ne masu dubban gidaje da motocin haya da asibitoci, suna iya haɗiye ɗalibai dubu ashirin, ko da an sha wuya. Babura hedikwatar ƙaramar hukuma ce a bakin iyakar Nijar, garin manoma da 'yan kasuwa, inda akasarin gidaje na iyali ne, ba a gina su don a saka baƙo ba. Idan aka zuba dubban matasa a irin wannan gari ba tare da tanadi ba, sakamakon a bayyane yake: haya za ta tashi, za a yanka shaguna da zaurukan gidaje a mai da su ɗakuna, banɗaki ɗaya ya ɗauki mutum goma sha biyar. Kuma tashin hayar ba ɗalibi kaɗai zai ci ba, har malamin firamare da ma'aikacin asibiti da saurayin garin da ke neman ɗakin da zai ajiye amarya.

Sai a yi lissafin aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka ninka, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya buɗe karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, ya kuma ba shi naira 20,000 a wata don ɗawainiya. In aka raba kuɗin nan a kwana talatin, bai kai naira 700 a rana ba. A cikinsu ake so ya ci, ya sayi data, ya buga takardun lakca. Idan aka ɗora masa kuɗin acaba zuwa da dawowa, da jarkar ruwa daga hannun ɗan garuwa, da kuɗin cajin waya, da hayar shekara wadda mai gida ke so a dunƙule tare da la'adar dillali, to lamunin ya ƙare tun kafin a je ga tukunya. Ɗakin kwana a cikin makaranta yana share rabin waɗannan lalurori a lokaci guda, don mai kwana a ciki da ƙafa yake zuwa aji, a famfo yake ɗiban ruwa. Wanda ya san tarihin jami'o'in ƙasar nan ba zai raina zancen ci da kwana ba. Boren ɗalibai na watan Afrilun 1978, wanda aka yi wa Kanar Ahmadu Ali lokacin yana kwamishinan ilimi na tarayya, ya tashi ne a kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci na kowace rana, kuma an rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da jami'ar fasaha. Ɗalibin injiniya ko na kwamfuta ba ya gama karatunsa da ƙarfe huɗu na yamma. Zane da rubuta manhaja da gwaje-gwaje aiki ne na dare, aiki ne na rukuni, kuma yana son wuta tsayayya. Wanda ke haya a bayan gari yana jiran wutar KEDCO, da kwamfutar da batirinta ke mutuwa bayan awa biyu, ba zai yi gogayya da takwaransa na Akure ko Minna ba, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. A nan Babura tana da abin da mutane ke kuka da shi amma yake da amfani, wato rana. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019 ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wuta a Karkara, abin da ya nuna cewa ana iya haskaka harabar jami'a ba tare da dogaro da babban layi ba. Amma tashar sola harabar makaranta take haskakawa, ba ta bin ɗalibi zuwa ɗakin hayarsa a Kanya Babba ko wata unguwa ta cikin gari. In ana son ɗalibi ya ci moriyar wutar da aka kashe wa kuɗi, sai ya kasance yana kwana inda take.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta 'yan mata. Kowa ya san yadda ake yanke shawara a gidajenmu. Uba a Roni ko Yankwashi zai iya yarda 'yarsa ta yi digiri, amma tambayarsa ta farko ita ce wa zai kula da ita. In aka ce masa akwai ɗakin kwanan mata mai katanga da mai gadi da uwar ɗaki, ana rufe ƙofa da dare, sau da yawa zai saki. In aka ce za ta kama haya a gidan wani da bai sani ba, to magana ta mutu, sai dai ta yi aure ko ta haƙura. Ana iya cewa wannan tunani ne na da, amma iyayen ba su yi kuskure ba a lissafinsu. A ranar 22 ga Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida suka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya na wajen makaranta. Ba a yi mako biyu ba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan haya. Gaskiya ne Jigawa na cikin jihohin arewa da suka fi zaman lafiya, Allah Ya ƙara mata. Amma makaranta ana gina ta ne don shekara hamsin da ɗari, kuma tsare wuri ɗaya mai katanga ya fi sauƙi da arha a kan tsare gidaje ɗari biyu da ke warwatse.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da maganganu masu nauyi, bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Ta farko ita ce kuɗi. Za su ce naira biliyan 4 ta 2021 ba ita ce ta yau ba, siminti da rodi sun yi tashin gwauron zabi, kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, in ta zo tantance kwas, ɗakin gwaje-gwaje da laburare da yawan malamai take dubawa. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a bar ɗakin gwaje-gwaje a gina wurin kwana. Abin da za a jinkirta shi ne gine-ginen ado: babban ginin majalisar jami'a, gidajen manyan jami'ai, jerin motoci. Shugaban jami'a zai iya shekara biyar a ofis mai ɗaki uku ba tare da karatu ya ragu da komai ba. Sannan ɗakin kwanan ɗalibai ba sai ya zama bene mai hawa huɗu ba. A Babura fili ba matsala ba ne, dogayen gine-gine na ƙasa masu manyan tagogi da rufi mai tsawo, da bishiyoyin darbejiya a tsakani, sun fi arha kuma sun fi dacewa da zafin Afrilu da Mayu. A yankin da sanƙarau ke leƙowa lokacin bazara, ɗaki mai iska da ƙayyadadden adadin mutane magani ne tun kafin ciwo. Kuma tunda gwamnatin tarayya ta sanar a watan Agustan 2025 cewa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantu na tarayya har shekara bakwai don ta gyara waɗanda ke ƙasa, jami'o'i irin ta Babura suna da bakin cewa ga inda gyaran zai fara.

Suka ta biyu daga cikin gari take fitowa, kuma ta fi wuyar amsawa. Mai fili da mai shago za su ce amfanin jami'a ga gari shi ne haya da ciniki, in aka killace ɗalibai a bayan katanga me Babura ta samu? Amsar ita ce kuɗin hayar ɗaki yana shiga aljihun mutane kaɗan ne, waɗanda suke da jarin gini, galibi ma ba mazauna garin ba. Cinikin da ke ratsa gari shi ne na abinci da wanki da ɗinki da aski da gyaran waya, kuma wannan ba ya tsayawa don ɗalibi yana kwana a ciki. Ɗalibin da bai zubar da kuɗinsa a haya ba shi ne yake da abin sayen ƙosai da fura. Jami'a za ta iya ware kasuwa a cikin harabarta ta ba matan gari da matasansa rumfuna, ta sayi gero da wake da gyaɗa a hannun manoman yankin. Malamai da sauran ma'aikata kuwa, masu albashi da iyali, su ne 'yan hayar da gari zai fi morewa, kuma suna nan. Akwai ma ribar da ba a cika faɗa ba, wato zaman lafiya tsakanin gari da baƙinsa. Jami'ar tarayya ta kowa ce, za a zo daga Inugu da Binuwai da Ibadan da sutura da al'adu iri-iri. Cusa su cikin lungunan gidajen aure ba shiri hanya ce ta saɓani a kan kiɗa da shiga da baƙin dare, alhali haɗuwa a kasuwa da masallaci da coci da filin ƙwallo tana gina sabo a hankali.

Suka ta uku ita ce ɗakunan kwanan gwamnati lalacewa suke yi, wanda ya leƙa banɗakunan tsofaffin jami'o'inmu ya sani, don haka a bar wa 'yan kasuwa su gina su karɓi haya na wasu shekaru sannan su miƙa. An daɗe ana gwada wannan tsari tun zamanin Obasanjo, kuma inda ya yi aiki gadon yakan fi ƙarfin ɗan talaka, ya zama na 'ya'yan masu hali. Ɗan kasuwa kuma ya fi son Abuja ko Legas, inda zai mai da kuɗinsa da wuri, ga tsoron yajin aiki irin na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2022, wanda ya rufe jami'o'i wata takwas ɗakuna suka zauna ba kowa. Ba laifi a ba su fili su gina wa mai iya biya, amma gadon talaka aikin hukuma ne. Lalacewar da ake magana kuwa cunkoso ne ke kawo ta da rashin kuɗin gyara. Maganinta shi ne a karɓi kuɗin gado daidai gwargwado, a ajiye shi a asusu na daban wanda wakilan ɗalibai ke gani, kada ya narke a cikin sauran hidimomin makaranta. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin yankin da attajiransa su ma suna da rawar takawa, gina ɗakin kwana mai gado ɗari biyu sadaka ce mai gudana kamar rijiya.

Abin da ya rage shi ne hukuncin da ke hannun majalisar gudanarwar jami'a da shugabanninta, kuma ba ya buƙatar ko kwabo: a ɗaure yawan ɗaliban da ake ɗauka da yawan gadajen da ke akwai. Matsin lamba zai zo daga 'yan siyasa da iyaye da ma buƙatar kuɗin shiga, kowa na so a ƙara gurbi. Amma jami'ar da ta ɗauki dubu biyar alhali tana da wurin dubu ɗaya ba za ta sake kamo tazarar ba, tsofaffin jami'o'inmu shaida ne, shekara arba'in suna bin ta ba su cim mata ba. Mafi ƙarancin abin da za a tsaya a kai shi ne kowane ɗan shekarar farko da kowace ɗaliba mace su samu gado a ciki, kuma a riƙa buga adadin gadajen tare da adadin guraben karatu duk shekara, yadda uba a Gwiwa zai gani kafin 'yarsa ta cike fom ɗin JAMB.