GARKA A TSAKAR GIDA: NOMAN TUMATIR DA DANKALI A CIKIN BIRNIN KANO

Gabatarwa

A yau idan aka ce da mutumin Koki ko Yakasai ko Mandawari ya shuka tumatir a gidansa, abin da zai fara yi shi ne dariya, sa'an nan ya tambayi mai maganar ko ya ɗauke shi baƙauye ne. A ganinsa noma aikin mutanen karkara ne, ɗan birni kuwa nasa kasuwa da karatu da sana'ar hannu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ra'ayi baƙo ne a cikin ganuwar Kano, bai yi tsufan da ake zato ba, kuma lokaci ya yi da za a mayar da garka cikin gidajen birni, ko da kuwa a buhu ne ko a tsohon daro. Za a taƙaita bayani a kan tumatir da dankali, domin na farko shi ne ya zama uban miya a wannan zamani, na biyu kuwa yana cikin abincin da ke cika ciki daga ƙaramin wuri.

Birnin da aka kewaye da gonakinsa

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa wajen farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara a ƙarni na 17. Abin lura shi ne, magabata sun kewaye fili mai yawa wanda babu gida a cikinsa. Hikimar ita ce, in abokan gaba sun tsare ƙofofi, a sami inda za a shuka da inda dabbobi za su yi kiwo ba tare da an fita ba. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Barth ma da ya zo a 1851 ya tarar da filin noma mai faɗi a ciki. Yammacin birni, wajen Goron Dutse da Kabuga da Dukawuya, ya daɗe a haka har cikin ƙarni na 20.

Har ila yau, birni ne ke ciyar da gonakin da ke kewaye da shi da taki. Da rani jakuna kan shigo da itace, su fita da mangaloli cike da toka da shara da kashin awaki. Watau dai tun asali Bakano bai raba kansa da ƙasa ba. Yawan jama'a da tsadar fili ne suka cinye gonakin, aka cike kududdufai da yawa aka yi gini a kansu, aka shafe tsakar gida da siminti. Da gonakin suka tafi sai aka ƙirƙiro raini domin a rufe rashin.

Abin da ya sa maganar ta taso

Tumatir da dankalin Turawa duka baƙi ne, asalinsu Amurka ta Kudu. Kafin zuwansu Bahaushe yana da gauta da yalo, yana da rizga da tumuku, yana da miyar kuka da kuɓewa da karkashi. Amma baƙo ya zama ɗan gari, musamman tun da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun daga lokacin uwargida a birni ta saba da jar miya, har ta kai ga idan babu tumatir sai ta ce ba ta yi girki ba.

Dogaro irin wannan yana da farashi. A 2016 wata tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekara ya tsaya saboda rashin abin niƙa, farashin kwando kuwa ya ninka sau da yawa cikin makonni kaɗan. Tsutsar ta sake dawowa a 2023 da 2024. Ko a shekarar da babu annoba, kowa ya san yadda abin yake: daga Janairu zuwa Maris tumatir kan yi arha har ya ruɓe a Kwanar Gafan da Yankaba, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina kuwa sai a koma kauɗa da na gwangwani da na leda.

Akwai kuma maganar lafiya. Wani ɓangare na kayan lambun da ake ci a birni ana noma shi ne a gefen Jakara da Getsi, da ruwan kwatocin gari da na masana'antun Bompai. Masana a jami'o'i sun daɗe suna faɗakarwa game da gubar ƙarfe da ke cikin wannan ruwa. Mai saye a kasuwa ba shi da hanyar bambance wanda ya sha ruwan Tiga da wanda ya sha na kwata. Wanda ya tsinka a gidansa kuwa ya san abin da shukarsa ta sha.

Abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba

Ba a ce kowane gida ya ciyar da kansa ba, wannan tatsuniya ce. Abin da ake faɗi shi ne tsakar gida da ke samun rana ta awa shida tana iya ɗaukar buhu goma a jikin katanga, kuma buhu goma suna rage wa kuɗin cefane nauyi. Aikin ba shi da wuya. A sami buhun shinkafa ko na taki, a huda gindinsa, a cika shi da ƙasa wadda aka cakuɗa da yashi da ruɓaɓɓen takin turke da 'yar toka. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, don haka sai wanda ya kwana biyu. A yafa irin tumatir a tsohon daro cikin Oktoba, bayan kamar mako huɗu a dasa da yamma, ɗaya a kowane buhu, a kafa masa kara a ɗaure shi don kada 'ya'yan su kwanta a ƙasa. A zuba ruwa a gindi da safe, kada a yi masa wanka ta ka. Cikin wata biyu zuwa uku da dashe za a fara tsinka, a ci gaba da tsinka makonni. Idan zafin bazara ya tsananta fure kan kaɗe ba tare da ya ƙulla ba, saboda haka wanda ya makara da dashe ya yi wa kansa.

Dankalin Turawa kuwa ɗan sanyi ne, shi ya sa gidansa a Nijeriya yake tsaunukan Filato, wajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. A Kano hunturu kaɗai ke karɓar baƙuncinsa. Sai a sami wanda ya fara tsiro a binne cikin Nuwamba, a riƙa ƙara masa ƙasa yayin da yake girma, domin duk ɗan da rana ta gani zai yi kore, koren nan kuwa yana da guba. Bayan kamar wata uku ganye zai yi rawaya ya kwanta, sai a daina ba shi ruwa, a dakata kwanaki fata ta yi ƙwari, sa'an nan a juye buhun a tsince. Kada a mayar da tumatir cikin ƙasar da aka cire shi, domin dangi ɗaya suke da tumatir da gauta da barkono, cutarsu ɗaya.

Gaskiyar magana, wanda ya fi dacewa da gidan birni shi ne dankalin Hausa, wanda wasu ke kira kudaku, wasu lawur. Ba ya tsoron zafi, ba a sayen irinsa da tsada tun da yaɗonsa ake yanka a dasa, cikin wata uku zuwa huɗu ya nuna, ganyensa kuma abinci ne ga mutum da akuya. Akwai wani iri mai jan ciki da masana abinci ke yabawa saboda sinadarin da ke taimakon idon yara. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa: a gwada na Turawa a buhu ɗaya ko biyu, amma a ba na gida babban wuri.

Hujjojin masu musu

Masu musun wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ruwa. Gidan da ke sayen jarka daga 'yan garuwa, ta yaya za a ce ya shayar da shuka? Amsar tana cikin kwatar gidan. Ruwan alwalar mutum goma sau biyar a rana, da ruwan wankin shinkafa da na gero da na kayan miya, duk kwarara suke yi zuwa lungu su zama gidan sauro. In an ajiye bokiti a wurin alwala, rabin matsalar ta kau. Ruwan sabulu da na wanki ne kawai za a nisantar.

Ta biyu ƙuncin wuri da danshi. Lalle akwai gidajen da gado ya yayyanka har ba su da inda za a shanya tabarma, waɗannan ba a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Ginin ƙasa kuma ba ya shiri da danshi, don haka sai a ɗora buhu a kan bulo, a ba shi tazara da bango, kada kuma a hau da shi kan soron azara. Mai rufin kankare shi ne ya sami gona a sama. Awaki da kaji kuwa, tsohuwar dabara ta ishe su, watau shingen kara ko ƙaya.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi. Ana cewa tumatirin gida zai nuna ne daidai lokacin da na Kadawa ya cika kasuwa, to mene ne ribar? Amsa biyu ce. Rarar hunturu ita ce kauɗar damina, kuma kauɗar da aka yanka aka shanya a faifai mai tsabta a gida ta fi wadda aka baza a bakin titi ƙura da ƙuda suna bi. Sa'an nan buhu yana da abin da gona ba ta da shi: ana ɗaga shi. Mai buhu na iya sake dashe da faɗuwar damina, ya ajiye inda ruwa ba ya kwanciya, ya janye ƙarƙashin rumfa in sama ta yi nauyi, ya sami ɗan abin miya a watannin tsada. Ita ma Sharon ba ta ƙyale gidan birni, amma tushe goma ana iya duba su ganye-ganye kowace safiya, a tsinke wanda ya kamu, a fesa jiƙon darbejiya. Mai kadada biyar ba shi da wannan dama.

Game da tsoron cewa za a kashe wa manomi da mai kayan gwari kasuwa, garin da ke da miliyoyin bakuna ba buhu goma ne za su hana shi zuwa kasuwar Rimi ba.

Me ya kashe yunƙurin baya?

Wannan kira ba sabo ba ne. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowane gida da makaranta su yi lambu, har aka tura ɗaliban jami'a gonaki lokacin dogon hutu. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. A 2024 uwargidan Shugaban Ƙasa, Oluremi Tinubu, ta sanya gasar lambun gida ga mata. Shirye-shirye irin waɗannan daga sama suke saukowa, yawancin bayaninsu da Turanci, kuma an fi auna su da gidan ma'aikaci mai fili da famfo. Matar da ke cikin lungun Alfindiki, wadda ita ce ke riƙe da tukunya kuma ita ke wuni a tsakar gida, ba a cika yi mata magana da harshenta ko a tambaye ta abin da ta sani ba. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tsofaffin gidajen nan ba su rasa zogale ko lalle ko ɗan yaɗon kabewa a bayan madafa ba.

Kammalawa

A nan ne aikin ya faɗo kan sashen Hausa. Kalmomin wannan sana'a suna bin gonakin birni zuwa kabari. A gwada tambayar ɗalibai 'yan birni bambancin garka da lambu da gayauna, ko ma'anar fangali, ko yadda ake ɗibar ruwa da jigo, a ga nawa za su amsa. Kalma ba ta rayuwa a ƙamus ita kaɗai, sai da aikin da ake kiran ta a cikinsa. Ya kamata ɗaliban da ke neman batun kundin kammala karatu su shiga unguwanni su tattaro ilimin shuke-shuken gida daga bakin tsofaffi mata da masu lambun Ƙofar Ruwa. Ya kamata malamai su haɗa kai da takwarorinsu na fannin noma a fitar da ɗan littafi mai sauƙi, da boko da ajami, wanda aka auna da gidan cikin birni da watannin Kano, a kai shi makarantun Islamiyya na matan aure da gidajen rediyo. Masu unguwanni kuma su ware takin turke da tokar da ake zubarwa a bola ga mai bukata.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Magabatan da suka gina ganuwa sun bar wa birni inda zai shuka ranar da ƙofa ta rufu. Wannan fili ya tafi, ba kuwa zai dawo ba, abin da ya rage shi ne gindin katanga da buhu da ruwan alwala. Allah ya sa a yi amfani da su kafin wata tsutsar ta sake tunatarwa.