Raddi ga Mai Cewa Laƙubban Rundunonin Ingila Duka Kirari Ne

Wani ma'abucin alƙalami, wanda ba mu tuhumarsa da ƙarancin karatu, ya yi da'awar cewa laƙubban da tsofaffin rundunonin sojan ƙasa na Ingila suka shahara da su, dukkansu kirari ne da aka samo a fagen fama, kuma wai sarki ke bayar da su. Hujjarsa runduna ta 57 ce, wadda kanal ɗinta Inglis, yana kwance jina-jina a yaƙin Albuera a 1811, ya umarci mutanensa da kada su ba da ransu da araha, har aka riƙa kiransu masu taurin rai. Mun sallama masa wannan, amma misali guda ba ya kafa ƙa'ida.

Da ya waiwayi runduna ta 19, da ya tarar ɗinkin tela ne asalin laƙabinta, domin a wajajen 1744, zamanin da ake kiran runduna da sunan shugabanta, an sami biyu kowacce kanal ɗinta Howard, sai aka rarrabe su da launin ƙyallen wuyan riga da bakin hannu: waɗannan Howard masu kore, waɗancan masu launin jemammiyar fata. Runduna ta 50 kuwa, baƙin rinin bakin hannunsu ke zuba idan sun share gumi, fuska ta yi dumu-dumu, aka yi musu laƙabi da ƙazamai. Ina kirari a nan?

Batun sarki ya fi wannan rauni. Runduna ta 2 tana da tambarin ɗan rago, amma kiransu 'yan ragunan Kirke, da sunan kanal ɗinsu, gatse ya zama a bakin mutanen yammacin Ingila, saboda rashin imanin da suka gwada bayan an murƙushe tawayen Monmouth a 1685, kuma babu sarkin da zai yi wa dakarunsa irin wannan naɗi. Hukuma daga baya take shigowa. Masu koren nan ma sai bayan Yaƙin Duniya na Farko laƙabinsu ya shiga sunansu na hukuma.

Saura isnadi, wanda marubucin ya ce bai da illa. Runduna ta 28, da ake kira masu sara, riwaya biyu gare ta: ɗaya ta ce a yaƙin White Plains na Amurka suka samo sunan a 1776, ɗaya ta ce a Montreal ne a 1764, inda wasu sojoji suka ɓad da kama, suka afka gidan wani alƙali, Thomas Walker, suka yanke masa kunne. Malamin ya kawo ta farko, ya yi gum da ta biyu, alhali ta biyun ta girme ta farkon da shekara 12.