Marsandi a Littafi, Marsandi a Gareji

Kwanakin baya gara ta shiga kwalin da nake ajiye tsofaffin littattafaina, dole na fito da su na baza a tsakar gida su sha rana. Ina zaune ina kaɗe su ɗaya bayan ɗaya sai na shiga lissafi, ashe cikin littattafai 14 da na rubuta, guda 11 duk a cikin Marsandi jarumin yake fara bayyana. Baƙa wuluk, gilasanta masu duhu, ta tsaya a ƙofar gidan su yarinya, yaran unguwa su zagaye ta, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Na yi dariya ni kaɗai, domin lokacin da na rubuta na farkon a 2001 ko kujerar bayanta ban taɓa zama ba, a hayis nake kai rubutuna wurin mai buga shi, wani lokacin ma sai na ranci kuɗin motar.

Kuma ba ni kaɗai ba ce, duk wanda ya yi zamanin hayar littafi ya san haka yawancinmu muke yi. Idan ana so a nuna mutum ya isa ba sai an wahala ba, a ɗora shi a kan Marsandi kawai an gama. Abin da nake son faɗa yau shi ne mun sayar wa masu karatu rabin labari, mun nuna musu tauraron da ke kan bonet amma ba mu taɓa ɗaga bonet ɗin sun leƙa ba. Ni kuwa na ɗaga, kuma da kuɗina na ɗaga.

Amma bari na fara da asalin motar, don sai da na yi asara sannan na nemi sanin tarihinta, shi ya sa ya zauna mini daram. A ranar 29 ga Janairu 1886 wani Bajamushe mai suna Karl Benz, mazaunin garin Mannheim, ya yi rajistar wata keke mai ƙafa uku da injin fetur ke turawa, wadda ita ake ɗauka a matsayin motar farko. Mutumin nan gwani ne wurin ƙira amma ba shi da dabarar kasuwa, kuma tun kafin aurensu kuɗin da matarsa Bertha ta samo daga gidansu ne ya ceto sana'ar tasa, kamar dai a nan a ce mace ta sayar da kayan ɗakinta ta ba miji jari. Shekara biyu suka wuce mutane na kallon abin nan a matsayin wasan yara. Sai wata asuba a watan Agusta 1888 Bertha ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, ta bar wa maigidan takarda, ta kama hanyar garinsu Pforzheim ganin mahaifiyarta, tafiyar kilomita sama da 100. (Kar wata ta je ta ce ni na ce a fita ba izini, labari nake bayarwa.) Ba gidan mai ko ɗaya a duniya a lokacin, a kantin magani na garin Wiesloch ta sayi man da ta zuba. Bututun mai ya toshe ta zare allurar hularta ta soke shi, waya ta goge ta naɗe ta da ɗamarar safarta, birki ya cinye ta sa wani baduku ya liƙa masa fata, inda suka tarar da tudu yara suka sauka suka tura. Da yamma ta isa. Wannan tafiyar ita ta sa mutane suka yarda abin na iya zuwa wani wuri. To ku duba fa, mace ta farko da ta yi doguwar tafiya a motar Benz da baƙin mai a hannunta ta sauka. Wace jaruma ce a littattafanmu ta taɓa durƙusawa gaban mota?

Shi kansa sunan ma na yarinya ne. A can kusa da Stuttgart akwai wasu maƙeran daban, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, su ma suna ta ƙera injuna. Wani attajiri ɗan Ostiriya da ke zaune a Nice ta ƙasar Faransa, Emil Jellinek, ya yi odar motoci 36 a 1900, da sharaɗin a sa musu sunan 'yarsa Mercedes, wadda a lokacin shekarunta 10. Sunan daga harshen Sifaniyanci yake, ma'anarsa jinƙai, wato da a Kano ne da Rahama muke hawa. Tauraro mai tsini uku ya zo a 1909, yana nufin injunansu za su yi aiki a ƙasa da ruwa da sama. Kamfanonin biyu kishiyoyi ne, ba soyayya ce ta haɗa su ba, talauci ne, domin bayan yaƙin duniya na ɗaya kuɗin Jamus ya lalace har ana ɗaukar takardun kuɗi a baro don sayen burodi. A 1926 suka haɗe, aka samu Mercedes-Benz, mu kuma bakinmu ya mayar da ita Marsandi.

Akwai kuma ɓangaren da ba a sa shi a talla. Babbar Marsandi samfurin 770 ita Hitler yake tsayuwa a ciki yana ɗaga wa jama'a hannu. A lokacin yaƙin duniya na biyu kamfanin ya koma ƙera injunan jiragen yaƙi da manyan motocin soja, kuma a 1944 kusan rabin ma'aikatansa sama da 63,000 mutane ne da aka tilasta wa aiki, da fursunonin yaƙi, da waɗanda aka kwaso daga sansanonin azaba. Kamfanin da kansa ya amsa wannan, a 1988 ya ba da mak miliyan 20 domin waɗanda abin ya shafa. Mu ma nan muna da namu tabon, domin a cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala Muhammad a cunkoson Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, motar tana gidan tarihi na Onikan da hujojin harsashi a jikinta, Allah ya jiƙansa. Ban kawo wannan don in ce motar na da laifi ba, ƙarfe ne, na kawo ne don a san mai mulki da mai zalunci da mai gaskiya duk sun hau ta, saboda haka ba ta shaidar halin kowa. Mu ne muka mayar da ita takardar shaida.

Abin da ya ɗaukaka ta na gaskiya kuwa shi ne ƙarko da kare rai. Su suka fara fitar da ƙaramar mota mai shan gas a 1936, su suka fito da dabarar nan ta gaban mota ya lotse ya shanye karo don na ciki su tsira a 1959, birkin da ba ya ƙwacewa a santsi ya shigo babbar motarsu a 1978. Samfurin da suka yi daga 1976 zuwa 1986, mai faffaɗan gaba ɗin nan da iyayenmu suka sani, sun ƙera kusan miliyan 2.7, kuma shekara da shekaru ita ce tasi a ƙasar Maroko. Wani direban tasi a ƙasar Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da wata Marsandi tasa kafin ya miƙa ta gidan tarihin kamfanin a 2004, amma fa ya sha sauke inji yana gyarawa. Ga gingimarin nan 911 da aka riƙa harhaɗawa a Inugu tun 1980, wadda ta yi dakon buhuna tsakanin Arewa da Kudu har ta gaji. A can ƙasarsu ma Marsandi motar haya ce, ka sauka a filin jirgi ka tsayar da ita kamar kowace tasi. Sun ɗan yi tuntuɓe bayan haɗewarsu da kamfanin Chrysler na Amurka a 1998, aka yi ta ƙorafin tsatsa da matsalar lantarki, auren ya mutu a 2007.

To ni a ƙarshen 2011 na sayi tawa, V-boot ƙirar 1990, ruwan toka, 'yar Kwatano. Na haɗa kuɗin littafi biyu da kwasar adashi, da bai kai ba na ƙara da sarƙar gwal ɗina. Yayana ya ce "ke, ki sayi ƙaramar mota 'yar Japan ki huta," maigidana ya yi shiru irin shirun da na san ma'anarsa, amma ina, na riga na gama hango kaina ina fitowa daga cikinta a wurin taron marubuta. Dillalin ya rantse mini wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa cefane da ita, agogon tafiyarta kuwa kilomita 140,000 yake nunawa. Sai bayan wata uku ɗan yayata ya gano wata 'yar takarda manne a cikin bonet, ta juyen mai ce da aka yi a Jamus a 2004, lambar da ke kai 310,000. Ba ka buƙatar jin Jamusanci kafin ka karanta lamba.

Ban yi wata biyu da ita ba aka wayi gari ranar 1 ga Janairu 2012 litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi yajin aiki sannan ta tsaya a 97. Nan na fara yi mata rowa. Baƙin mai na gefen titi nake sa a zuba mata, juyen da ya kamata a yi sai in ce bari kuɗin littafi su shigo, lagireto kuma ruwan rijiya. Da ta fara zafi wani bakanike ya ce ai wannan abin da ke daidaita zafin inji na ƙasar sanyi ne, ya cire ya jefar, ni kuma na ji daɗi da bai ce in sayi sabo ba. A kasuwar kayan gyara za a ajiye mini abu uku, na asali da na kwance da na kwaikwayo, kullum hannuna kan na ukun yake sauka. Ranar da ta rama kuwa muna hanyar kai amarya, ni da ƙawaye huɗu mun sha anko, hayaƙi ya turnuƙe gaban motar, muka tsaya a rana har la'asar muna jiran janwe, motocin 'yan biki na wucewa suna mana hon. A daren nan, tana ajiye a bakin gareji, aka ɓalle tauraron aka tafi da shi. Wallahi na fi jin zafin tauraron a kan injin, kuma a nan ne na gane abin da na saya tun farko.

Motar ba ta cuce ni ba, ni na cuce ta. Doki ne na ɗaure alhali ba ni da dawar ba shi. Wanda ya ƙera ta ya ƙera ta ne da tunanin mai ita zai kai ta gyara kafin ta lalace, mu kuwa sai ta kwanta muke tunawa da bakanike. Yanzu ma abin ya fi tsanani, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 darajar naira kuma ta faɗi, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, duk wani ƙarfe da za ka saya mata da farashin dala yake tafiya, ga sababbin nan cike suke da kwamfuta, sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu. Duk da haka kana ganin samari suna karɓo tsofaffin da Turawa suka gama mora, a yi hoto da makulli a hannu, bayan wata shida tana gindin bishiya an lulluɓe ta da tamfol.

Na san me abokan sana'ata za su ce, domin ni ma na sha faɗa. Za su ce mai karatu ba wahala ya zo saya ba, yana da ita a gida, mafarki yake nema, kuma ɗan kasuwar littafi ba zai karɓi labarin da jarumi ke tura mota ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ce a daina mafarki ba. Amma wata rana a gidan suna wata matashiya ta ja ni gefe ta ce "Anti, ke ce kika yi littafi kaza?" Na ce ni ce, ina jiran yabo. Sai ta ba ni labarin yadda ta ƙi wani malamin firamare mai babur, ta zaɓi mai zuwa zance a Marsandi, sai bayan biki ta ji ashe motar ta ubangidansa ce, shi direba ne. Ba direbancin ne ya dame ta ba, ƙaryar ce, don wanda ya ari mota ya yi zance ya ari sauran maganganun ma, ga ta nan gida da goyo. Ba ta ce laifina ba ne, ni ma ban ɗauki laifin duka ba, akwai iyaye akwai fina-finai akwai son zuciya. Sai dai ba zan iya rantsuwa cewa shafukan nan 11 da na baza a rana ba su da kaso a ciki ba. A littafin da nake kan rubutawa akwai Marsandi, ban cire ta ba, amma mai ita yana da bakanike, kuma akwai babin da ya zauna yana lissafi tsakanin kuɗin giyabos da kuɗin makarantar yara.

Tawa kuwa a 2014 na rabu da ita, ko rabin kuɗina ban mayar ba, sarƙar gwal ta tafi ke nan. Wani dattijo tsohon direban ma'aikata ya saya, ya sauke injin ya gyara a hankali cikin wata takwas. Da sallar layya ta 2024 ina tsaye a bakin titi ina jiran ɗan sahu sai ga ta ta tsaya a gabana, fentin ya koɗe amma ko ƙarar injin ba ka ji. Ya ce "Hajiya, shigo in rage miki hanya." Na shiga kujerar baya na zauna, ya nuna mini wani ɗan littafi da yake rubuta ranar kowane juye tun daga 2014. Na leƙa gaban bonet na ga har yau ramin nan yana nan fayau, na ce "Baba, ba ka sa mata wani tauraron ba?" Ya ce ya taɓa tambayar kuɗinsa, ya ga ya isa juye biyu, sai ya yi juyen.