Neman Mai A Kwarin Bida: Ruwa Ne Abin Dubawa

Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin man Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022, 'yan Arewa mazauna Ikko da Fatakwal suka shiga tambayar ko yaushe rabo zai kai Jihar Neja. Masana sun daɗe suna nazarin Kwarin Bida, wanda ya tashi daga Kontagora ya gangara har ya ɗan wuce Lakwaja. Dokar man fetur ta 2021 kuwa ta ware kuɗin neman mai a irin waɗannan wurare.

To, amma akwai magana. Dutsen da ke haifar da mai, watau dutsen yumɓu, ba kamar dutsen yashi ba ne. Ƙofofin cikinsa ƙanana ne ainun, har silin gashi guda ya fi su kauri sau ɗaruruwa. Ruwa ba ya gudu a cikinsu yadda yake bin rairayi. Yumɓun yakan tsotse shi ya riƙe, wani lokaci ya kumbura ya toshe hanyar man.

Idan man bai tsiyaye zuwa dutsen yashi ba, sai an fasa dutsen yumɓun da ƙarfin ruwa. Da wannan dabara Amurka ta zarce kowace ƙasa haƙo ɗanyen mai a 2018. Rijiya ɗaya takan sha lita miliyan 10 ko fiye. Galibi abin da ke dawowa bai kai rabi ba, shi ma da gishiri da magunguna, ba ya shayuwa, ba ya ban-ruwa.

Ƙasar Kontagora kuwa ta manoma ce da makiyaya, kuma da rani rijiyoyi sukan ja baya. Mazauna Fatakwal sun san labarin Ogoni, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami gubar mai cikin rijiyoyin shan ruwa.

Saboda haka kafin a kafa injin haƙa, wajibi ne hukuma ta bayyana wa Masarautar Kontagora da talakawa inda za a ɗebi ruwan, da inda za a zubar da gurɓataccen. Ƙungiyoyin 'yan Neja da ke Kudu su ma ya kamata su nemi wannan bayani a rubuce tun da sauran lokaci.