Hana Kodin: An Yi Gudun Gara An Tarar Da Zago

A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin, bayan da BBC ta fallasa yadda matasa ke ɗirkar sa. Jama'a sun yi na'am da wannan mataki. Sai dai dokar ta toshe hanyar samun kaya ne kawai, ba ta taɓa buƙatar masu sha ba.

Ga abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Idan aka haramta kaya alhali masu nema suna nan, tsadarsa kan ƙaru, ribar fasa-ƙwauri ta hauhawa. Shi kuwa ɗan fasa-ƙwauri ya fi son kaya marar nauyi mai ƙarfi, domin kwalba tana da wuyar ɓoyewa, ƙwaya dubu kuwa sai ta shige aljihun riga. Haka ta faru a Amurka tsakanin 1920 da 1933: da aka hana giya, sai masu sayarwa a ɓoye suka karkata ga barasa mai tsananin ƙarfi.

Tiramadol da hukuma ta amince da shi bai wuce miligiram 50 ko 100 ba, amma na fasa-ƙwauri yakan kai 225. Da Indiya ta tsaurara dokarsa a 2018, sai wasu masana'antunta suka koma haɗa tafentadol da karisofurodol, haɗin da kan daƙile numfashi. Sai a 2025 Indiya ta hana shi.

A ƙasar noma irin ta Kafur da Malumfashi da Funtuwa, ba don nishaɗi kaɗai ake haɗiyar ƙwaya ba. Wani ɗan ƙwadago yakan sha ne don ya yini a kunyar masara bai ji gajiya ba. Ƙwayar ba ta ƙara masa ƙarfi. Ɓoye masa ciwon jiki take yi, ga shi bai san adadin abin da ya haɗiya ba.

Ba a ce a soke doka ko a ɗaure hannun hukumar NDLEA ba. Amma kamu kaɗai ba ya warkar da jaraba. Wajibi ne a samar da wuraren jinyar masu shaye-shaye a asibitocin karkara, malaman kimiyya kuma su koyar da yadda waɗannan ƙwayoyi ke aiki a ƙwaƙwalwa. Muddin mai saye yana jira, mai kawowa zai sami hanya.